'Ya'yan Ta Bakin Rijiya

Gara ta cinye cikin mangwaron da ke bakin rijiya, har ya karkata kan katangar maƙwabci. Kowa ya ce a sare. Tsoho mai lambun ya ce ba a haifi mai sare shi ba. Marigayiya matarsa ce ta dasa shi, kuma a ganinsa ranar da ya faɗi, nata ya ƙare a lambun.

Sana'arsa yi wa itatuwa aure. Ya yanko reshen bishiya mai daɗi, ya ɗaura a kan ƙaramin dashe, in ya kama ya sayar.

Auta, 'yarsa mai aikin ofis, ba ta yi gardama da shi ba. Ranar hutunta ta zo da kwamfuta, ta ja benci gindin bishiyar, ta buɗe manhajar da take tsara aikinta da ita. Jadawali biyu ta yi: ɗaya na manyan bishiyoyin lambun, ɗaya na duk dashen da ya taɓa fita da wanda ya saya.

"Baba, na gidan direba fa, daga wace bishiya ka yanko?"

"Ta bakin rijiya."

"Na harabar asibiti?"

"Ita. Ke alƙali ce?"

"Magatakardarka ce, ranka ya daɗe."

Ya yi tsaki, amma bai tashi ba. Tana tambaya, yana amsawa a gutsure yana ɗaure reshe. Wanda ya manta sai ya ce a bar gurbinsa haka, ba ya son ƙarya ko a cikin inji.

Da ya leƙo ya ga ba ta rubuta sunan bishiyar a gaban kowane dashe, sai dai ta taɓa ta zaɓa, ya ce, "Lalaci ke nan."

"Ba lalaci ba ne. Ƙulla su nake yi. Kowane dashe yana riƙe da uwarsa, ita ma tana riƙe da shi."

"Aure ke nan."

"To, aure."

"Da kin faɗa tun ɗazu."

Da ta gama, ta buɗe shafin ta bakin rijiya. 'Ya'yanta suka jeru a ƙasa: gidan direba, asibiti, makarantar 'yan mata, bayan shagon tela, har sai da Auta ta ja allon sama. Duk shi ya faɗa mata su da bakinsa, amma ɗaya-ɗaya ya san su. Bai taɓa ganinsu wuri guda ba.

Ya daɗe yana kallo. Ba ya karatu sosai, tsawon jerin yake dubawa.

"Sunan nan, ana iya canza shi?"

"Wuri ɗaya zan gyara, ya canza ko'ina."

"Rijiya ba ta dasa komai ba. Sa Ta Innarku."

Ta goge, ta rubuta, ta koma jadawalin dashe ta nuna masa. A gaban kowane ɗan bishiyar, sabon sunan ya zauna.

Tsoho ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya zaro wuƙarsa, ya zagaya bishiyar, ya yanko rassa masu lafiya ya nannaɗe a jiƙaƙƙen buhu.

"Ki kira mai injin sara," ya ce. "Ki gaya masa in ya taɓa bakin rijiyata, ni da shi ne."

"Waɗannan kuma fa?"

"Ki bar musu wuri a ƙasan jerin."