Inuwar Bindiga a Ƙugun Santoy

Crisanto Labra ya tsorata mutanen da ba su taɓa yi masa komai ba, kuma da mutuncin surukarsa ya yi wannan aiki. Laifinsa ke nan, babu abin da za a rage a ciki. Matsoraci ne mai son a ji tsoronsa, irinsu kuwa ba sa duba wanda suke takawa.

A unguwa Santoy ake ce masa. Yana auren Minda, 'yar Manang Petring, kuma a shagon tsohuwar yake aiki, bayan kasuwar kifi a garin Danao. Manang, ko Nang a taƙaice, laƙabi ne na girmama manyan mata a can. Mijin Petring maƙerin bindiga ne kafin ya rasu. Ita ba ta gaji maƙera ba, sai ta kama yankan soso.

Aikin shagon guda ne: a yanka soso a shimfiɗa cikin akwatin bindiga, irin akwatunan roba masu ƙarfi da masu gadi da 'yan wasan harbi ke ɗauka. Ba soson katifa ba ne, wani baƙi ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Mai bindiga zai zo da abarsa, ya cire harsashi tun a bakin ƙofa, ya kwantar da ita a kan soson da hannunsa. Petring ta zagaye ta da farin alƙalami, ta bar wurin sa yatsa, sannan ta ce, "Ɗauki kayanka, sai ka ji kirana." Bindiga ba ta yini a shagon, balle ta kwana. Dokarta ke nan tun ranar da ta buɗe, kuma saboda wannan doka ce maƙwabta suka yarda ta zauna a tsakiyarsu, ga masu kifi, ga makarantar yara.

Bayan mai kaya ya tafi, sai ta ɗauki doguwar wuƙa siririya, ta tsayar da ita cak, ta bi layin a hankali har ta dawo inda ta fara. In ta danna da tafin hannu, tsakiyar ta fito ɗungurungum da siffar bindigar sak: hanci, mariƙi, har lanƙwasar wurin kunama. A shagon, inuwa suke kiran wannan yanki. Ba a yar da inuwa. Ana tsaga ta a kwance, a mayar da rabin ƙasa cikin ramin a manne da gam, don bindiga ta kwanta daidai da bakin soson, kada ta nutse ta riƙa karo. Rabin sama kuwa a daddatsa shi a zuba a buhu, masu ɗinkin matashin kai su zo su kwashe.

Wata safiya Petring ta zo ƙarasa akwatin Doktora Ybañez, likitar haƙori mai zuwa gasar harbi, sai ta tarar da rami babu inuwa. Ta duba ƙarƙashin tebur, ta zazzage buhu. Santoy yana kan benci yana goge murfin wani akwati.

"Santoy, ina inuwar Doktora?"

"Wace Doktora, Ma?"

"Doktora nawa muka yi wa yanka? Mai cire haƙori."

"Ƙila ɓeraye ne." Bai ɗago kai ba.

"Ɓerayen da suka bar busasshen kifina suka ci soso? Yaushe suka fara azumi?"

Ya yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Ta jingina soson a bango ta kama wani aikin. Ta ɗauka sakaci ne, don ta san shi da sakaci.

Abin da ya fara damunta a kasuwa ya same ta. Nang Soling mai kifi ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kullum sai ta ajiye mata kifi mai kyau a ƙarƙashin ganye. Ranar nan ta auna mata ba ta dube ta ba, ta miƙa leda, ta juya tana korar ƙuda.

"Soling, mutuwa aka yi?"

"Ba a yi ba tukuna."

"To wannan fuskar fa? Kifinki ya fi ki fara'a."

Soling ta ajiye tsummar hannunta. "Petring, ke da bakinki kika ce mana bindiga ba ta kwana a shagonki."

"Har gobe."

"To wadda ke ƙugun surukinki daga sama ta faɗo?"

Petring ta tsaya riƙe da leda. Soling ta rage murya ta kwashe labari ta ba ta. An jima ana ganin tudu a ƙarƙashin rigar Santoy. Ba ya fito da ita, ba ya ma ambatonta. In ya zo famfo ya tarar da layi, sai ya ɗan ɗaga gefen riga kamar mai shan iska, a hango baƙin mariƙi, layi ya dare. A tashar acaɓa ya yi musu da Noy Inting, dattijon ɗan acaɓan da ya fi kowa daɗewa a wurin, kan wanda ya kamata a fara ɗauka. Santoy ya dafa ƙugu ya ce, "Tsoho, ka san inda nake aiki kuwa?" Noy Inting ya tura babur ɗinsa ya tafi gida, kuma tun ranar bai sake fitowa ba. Matarsa ta ce ko abinci ba ya ci sosai.

"Mutane cewa suke ta masu kawo miki aiki ce kike ara masa," in ji Soling. "Ni ban ce ba. Amma ban iya cewa ƙarya ba ne, don da idona na gani."

Petring ta koma shago, ta tarar Santoy ya fita. Ba ta kai ga ajiye kifin ba sai ga Kap Hilario, shugaban unguwa, ya shigo yana fifita da hula. Ta ba shi kujera, ta zuba masa kofi.

"Nang Petring, ba zan yi ta zagaye ba," ya ce. "An kawo mini ƙara. Iyayen yara sun yi magana, 'yan acaɓa sun yi. In na kai gaba, 'yan sanda za su zo su rufe ƙofar nan har a gama bincike, kuma duk wanda ya taɓa kawo miki bindiga sai an kira shi. Kin san mutanen nan. Wanda aka kira sau ɗaya ba zai sake dawowa ba."

"Na sani, Kap."

"Ni da marigayi mijinki tare muka yi makaranta. Shi ya sa na fara zuwa nan. Akwai bindiga a gidan nan?"

"Babu."

"To me yaron nan yake ɗauke da shi?"

Idonta ya sauka kan soson Doktora da ke jingine a bango, da raminsa mai siffar ƙaramar bindiga, hasken taga yana ratsa shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kap, ka ba ni zuwa yamma. Ka zo tashar acaɓa in rana ta yi sanyi."

Da ya fita, ta leƙa ta ƙofar baya ta kira 'yarta. Minda, wadda take ce wa Day, ta shigo da kumfar wanki a hannu.

"Day, inuwar da na nema, kin gan ta?"

Minda ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Tana wurinsa, Ma. Ya naɗe mariƙin da baƙin tef. Na yi masa magana, ya ce wasa ne. Ya ce yaran tasha sun raina shi, wai mai yankan katifa, wai mijin da suruka ke ciyarwa."

"Sai ya rama a kan Inting?"

"Soso ne fa, Ma. Wa aka taɓa kashewa da soso?"

"Inting ya san soso ne lokacin da ya tura babur ya tafi gida?"

Minda ta goge hannu a zani, ta matso. "Don Allah ki bari ya dawo. Ki karɓe abin a ɗaki, ki yi masa faɗa yadda kike so, ni ma zan taya ki. Amma kada ki yi a waje. Mijina ne. Ni zan riƙa bin kasuwar nan ana nuna ni."

Petring ta dubi 'yarta, ta ji tausayinta har cikin ƙirji, don yarinyar ba ta yi komai ba. Ta auna maganar kamar yadda take auna soso kafin ta sa wuƙa. In ta karɓe a ɗaki, tudun zai ɓace daga ƙugunsa, shi ke nan. Mutane za su ce an ji tsoron Kap an ɓoye bindiga. Ko ta rantse a gaban coci cewa soso ne, ba wanda zai yarda, don kowa zai ce uwa ce take rufa wa gidanta asiri.

"A waje aka gani, Day," ta ce a hankali. "In ba a wajen aka warware ba, shagon nan ya tafi. Daga nan kike ci, daga nan shi ma yake ci."

Minda ta koma wurin wankinta.

Da rana ta yi sanyi, Petring ta kulle shago, ta maƙale soson Doktora a hammata, ta bi ta cikin kasuwa ba ta sauri. Soling ta gan ta, ta bar wa maƙwabciyarta teburi ta biyo ta. A tashar acaɓa Santoy yana zaune a kan bencin da 'yan acaɓa suka saba zama, ya miƙe ƙafafu, su kuwa suna tsaye a gefe jikin baburansu. Kap Hilario yana ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

"Ma, lafiya? Ina za ki da kaya?"

"Wurinka na zo. Tashi."

Ya tashi yana murmushi, yana satar kallon mutane. "In aiki ne ai da kin aiko."

"Ɗaga rigarka."

Murmushin ya tafi. "Haba Ma, a nan?"

"A nan ka saba ɗagawa."

Bai motsa ba. Ta miƙa hannu kamar mai ciro zare a jikin riga, ta zaro abin daga ƙugunsa. Wata mata ta yi ihu ta janye ɗanta, wani ɗan acaɓa ya duƙa bayan babur. Petring ta ɗaga abin sama, ta matse shi a tafin hannunta, ya lanƙwashe, ta saki, ya miƙe. Ta warware tef ɗin ta yar. Sannan ta ajiye soson Doktora a kan benci, ta ɗora inuwar a bakin ramin, ta danna da yatsa biyu. Ta shige daram, har ba a gane inda aka yanka.

Soling ce ta fara fashewa da dariya, tana dafa ciki.

"Wayyo ni! Da wannan ka kore ni a famfo? Da abin da nake wanke tukunya da shi?"

"Santoy, ara mini in yi wanka!" wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya.

"A'a ku yi hankali, kada ta tashi!"

"In ta tashi kumfa za ta fesa mana!"

Santoy ya tsaya hannuwa a sake, yana zufa. "Wasa ne fa, Kap. Kowa ya ga wasa ne."

Kap Hilario bai yi dariya ba. "Yanzu kowa ya gani. Jiya wa ya gani?"

Petring ta juya ga mutanen. Ba ta ɗaga murya ba. "Kun ga abin da ya fita daga shagona. Laifina ne da ban kula ba, na yarda. Amma bindigar mutum ba ta taɓa kwana a wurina ba, kuma ba za ta kwana ba." Ta dubi ƙaramin cikin 'yan acaɓar. "Dong, je ka gidan Noy Inting. Ka ce Petring tana gaishe shi, tana ba shi haƙuri, zan zo da kaina. Ka faɗa masa abin da ka gani."

Ta ɗauki sosonta ta koma. Inuwar ta sha zufa, gam ɗin tef ya ɓata ta, ba yadda za a sa ta a akwatin mutum. Ta fito da sabon soso, ta kira Doktora ta roƙe ta ta sake kawo bindigar a zana. Da Doktora ta zo ta tambayi dalili, Petring ta faɗi gaskiya ba ta rage komai ba. Doktora ta kwantar da bindigarta a kan soson. Kap bai kai ƙara gaba ba. Minda ta yi kwanaki ba ta yi wa uwarta magana, tana kawo mata abinci ta ajiye ta fita. Petring ba ta matsa mata ba.

Kap Hilario ya sa Santoy ya je gidan Noy Inting ya nemi gafara a gaban matarsa da 'ya'yansa, sannan ya share kasuwar kifi kowace safiya har zuwa bikin unguwa. Petring ta karɓe mabuɗin shago daga hannunsa, ba ta sake barinsa ya taɓa wuƙa ko soso ba. 'Yan acaɓa suka haɗa baki ba mai ɗaukarsa, duk inda za shi da ƙafa yake zuwa.