Gobarar Cocin Unguwar Kanya

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar bazara, zafi kamar ya narka kwano. Batulu na zaune kan keken ɗinki a shagonta da ke bakin kasuwar Birnin Kudu, sai wayarta ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙonni ne ke ta faɗowa cikin guruf ɗin cocinsu. Ita Fasto Iliyasu ya damƙa wa riƙon guruf ɗin tun da aka buɗe shi, don shi bai saba da danne-danne ba, kuma ya sha faɗa a wa'azi cewa wayar nan tana ba shi tsoro, domin tana saurin kai magana fiye da yadda hankali ke saurin auna ta.

Ta ɗauka sanarwar biki ce ko ta rasuwa. Sai ta buɗe.

Hoton coci ne yana ci da wuta. Ba ta buƙaci a gaya mata wane coci ba ne: ga kanyar nan a gefensa, ga ƙofar nan mai shuɗin fenti. Cocin ƙauyensu ne, Unguwar Kanya, can gefen Farin Dutse a ƙasar Gwaram, inda aka yi mata baftisma. A gaban wutar ga maza tsaye, wasu da adduna, wasu da sanduna. A ƙasan hoton an rubuta: "Sun ƙone mana coci. An ce har sun kashe dattijo. Ku tura wa kowa."

Dattijo ɗaya ne ke wuni a cocin nan ranar Asabar yana shara da gyaran benci, shi ne mahaifinta, Baba Dogara.

Nan take ta kira lambar maƙwabtansu na ƙauye. Ba ta shiga ba. Ta kira wata, ita ma haka. Da ma ƙauyen ba sabis sai an hau dutse. A guruf kuwa magana ta kacame, wannan na kuka, wannan na tsinuwa, wani har ya fara ambaton sunayen mutanen da yake zargi.

Batulu ta runtse ido. "Ya Yesu, ka riƙe mini zuciya, ka riƙe mini hannu," ta ce a hankali. Sai ta shiga ta kulle guruf ɗin yadda ba mai iya turo komai sai ita, ta rubuta: "'Yan'uwa, mahaifina ne ake magana a kai. Yanzu zan tafi in gani da idona. Don Allah kada wanda ya tura hoton nan ko'ina sai na dawo muku da labari. Ku yi mana addu'a."

Ba ta gama rufe shago ba sai ga ƙanenta Yahuza, shugaban matasan coci, ya faka babur yana huci.

"Yaya, me ya sa kika rufe mana baki? An kashe Baba, ke kuma kina kulle guruf?"

"Wa ya ga gawarsa?"

"Ga hoto! Ba ki ga adduna ba?"

"Na ga adduna. Ban ga an sari kowa ba." Ta jawo mayafinta. "Yahuza, in ka tura wannan Kano da Jos, daga baya ta bayyana ƙarya ce, wa zai bi mutane gida-gida ya karɓo ta? Shaidar zur ba sai a gaban alƙali ba. Yatsan nan da kake dannawa da shi, shi ma zai amsa tambaya gaban Ubangiji."

"In kuma gaskiya ce fa?"

Ta dube shi. "In gaskiya ce, ni da kaina zan faɗa wa duniya. Zo mu tafi."

A tasha suka tarar da Malam Abdulnasir, direban da ke jigilar hanyar Gwaram. Sun daɗe da sanin juna, don mahaifiyarsa ma 'yar Unguwar Kanya ce, kuma shi ke kai wa Baba Dogara saƙo duk lokacin da Batulu ta aika. Yana jingine da motarsa, fuska a murtuke, yana kallon waya.

"Malama Batulu, ke ma kin gani?" Ya miƙo mata wayar.

Hoton nan ne dai, wutar nan, mutanen nan. Amma rubutun ƙasa daban ne. A nasa an ce Kiristoci ne suka cinna wa cocinsu wuta da gangan don a ɗora wa Musulmi, a kawo sojoji ƙauyen.

Yahuza ya leƙa ya karanta, ya sake karantawa.

"Hoto ɗaya, labari biyu," in ji Abdulnasir. "Wallahi tun ɗazu nake hana 'yan tasha turawa. Wancan mai doguwar rigar da ke riƙe da adda, kawuna ne, Malam Zulkifli. Ko akuya ba ya iya yankawa sai ya kira wani. Ku shiga mu je, ba sai na jira lodi ba."

Hanyar ta yi wa Batulu tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Suka wuce gonakin da aka share ana jiran ruwa, suka sauka daga kwalta suka kama burji. Lokaci-lokaci takan ji Abdulnasir na ambaton Allah ƙasa-ƙasa, ita ma tana tata addu'ar a zuci. Yahuza na baya, ya kifa wayarsa a cinya.

Da la'asar suka isa. Tun daga nesa warin ƙuna ya tare su. Rufin cocin ya zube gaba ɗaya, bangon ya yi baƙi ƙirin, amma yana tsaye. A ƙarƙashin kanya an jera bencina, ga ganguna, ga teburin wa'azi, duk an fito da su. Mata na ta ɗaukar bokitai da tuluna suna komawa gida. Batulu ta diro tun motar ba ta gama tsayawa ba.

"Ina Baba? Ina Babana?"

Wata tsohuwa, Inna A'i, matar Malam Zulkifli, ta kama hannunta. "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Yana zaurenmu. Sai dai ki daure, kada ki yi dariya."

Batulu ba ta gane ba sai da ta shiga. Ga Baba Dogara zaune kan tabarma, an shafe masa fuska da man kaɗe. Idonsa ɗaya ya rufe ruf, leɓensa ya kumbura suntum, kunnuwansa sun yi jawur. Kusa da shi Malam Zulkifli ne, an naɗe masa hannun dama da tsumma mai tsabta.

Ta durƙusa ta rungume mahaifinta tana kuka. Yahuza ya zube a bakin ƙofa ya rufe fuska.

"To, kukan me kuma?" in ji tsohon, maganarsa na fita da ƙyar. "Zuma ce fa."

"Zuma, Baba?"

Malam Zulkifli ne ya ba da labarin, don bakin abokinsa ba ya buɗuwa sosai. Ashe ƙudan zuma ne suka yi gida a cikin silin cocin, wanda na zana ne, har suka fara harbin yara ranar Lahadi. An ce a jira mai cire zuma ya zo daga Fagam, Baba Dogara ya ce shi ba zai bari a sake harbin jikokinsa a gidan Allah ba. Ya ɗaura tsumma a bakin gora, ya kunna, ya ɗaga don ya yi musu hayaƙi. Zumar ta yo kansa, ya saki gorar, zana ta kama.

"Ina alwala na hango hayaƙi," in ji Zulkifli. "Na yi ihu, jama'a suka fito. Muka sassare dannin da ke kewaye don kada wutar ta tsallaka rumbuna, shi ne addunan da kuka gani. Na shiga na tarar da shi yana jan ganga, wai ba zai fita ya bar ta ba. Da ƙyar na jawo shi, shi da gangar."

"Ganga ce mai kyau," Baba Dogara ya ce.

Dariya ta ƙwace wa Batulu cikin hawaye. Amma da ta gaya musu abin da ake yaɗawa a gari, sai aka shiga tambayar wanda ya ɗauki hoton. Wani ya tuna ya ga ɗan acaba baƙo ya tsaya ya ɗauki hoto ya wuce. Malam Zulkifli ya dubi hannunsa da ya ƙone, ya girgiza kai.

"Ni ne na kashe Dogara? Mutumin da muka yi kiwo tare?"

Baba Dogara ya gyara zama. "Batulu, abin nan naki yana ɗaukar magana da fuska?"

"Yana ɗauka, Baba."

"To ɗauke ni a haka. Kada a goge man."

Suka fito gaban cocin. Tsofaffin biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, jama'ar ƙauye a bayansu. Batulu ta ɗaga waya. Baba Dogara ya faɗi sunansa, ya ce yana raye, ya ce shi ya jawo gobarar da hannunsa, ya kama hannun Zulkifli mai ƙuna ya ɗaga sama. "Wannan hannun ne ya fito da ni daga wuta. Duk wanda ya ce maƙwabtana sun cuce ni, ya yi musu ƙazafi, kuma ba da sunan Almasihu ya yi ba." Malam Zulkifli ma ya yi magana, ya roƙi Musulmi su ji tsoron Allah su daina tura abin da ba su gani ba.

Saura turawa. Yahuza ya miƙo hannu. "Yaya, kawo. Na fi ki saurin hawa."

Shi da Abdulnasir suka haye dutsen da ke bayan gari, Batulu na biye tana haki. A can ƙololuwa sabis ya kawo. Ta karɓi wayarta ta buɗe guruf ta saka bidiyon, Abdulnasir ya tura wa 'yan tasha da 'yan kasuwa da danginsa na Kano, Yahuza kuma ya bi duk wanda ya san hoton ya kai gare shi, yana kira ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi wayoyinsu sun cika da amsa. "Halleluya!" "Alhamdu lillahi!" Wasu kuma dariyar fuskar Baba kawai suke yi. Fasto Iliyasu ya kira, ya ce wasu matasa da suka taru a harabar coci da zafin rai sun watse, kuma limamin unguwarsu ya aiko a yi wa Baba jaje.

Washegari Lahadi mutanen Unguwar Kanya suka yi sujada a ƙarƙashin kanya. A Birnin Kudu kuwa, Fasto Iliyasu ya sa aka haɗa waya da lasifika aka kunna maganar tsofaffin nan a gaban ikilisiya. Waɗanda suka halarta sun ba Batulu labarin abin da ya ce bayan haka. Ya ɗaga wayarsa ya ce jiya wannan abu ya kusa sa 'yan'uwa su zubar da jini, jiya kuma shi ya hana. Ya ce ba za a gudu a bar wa maƙaryata ita ba, masu bi ma su riƙe ta, amma su riƙa tambayar kansu kafin su danna: na gani, ko an ce? Zai gina, ko zai rusa?

Bidiyon ya yi tafiyar da hoton bai yi ba. 'Yan ƙauyen da ke aiki a Kano da Dutse suka gan shi, suka fara aiko da abin da ya sawwaƙa: wannan katako, wannan ƙusa, wancan bandir ɗin kwano. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Birnin Kudu, wanda bai taɓa taka ƙauyen ba, ya aiko da silin na zamani, ya ce a gaya wa tsohon ya bar zuma ta huta. Abdulnasir ne ya yi ta jigilar kayan. Yahuza ya kwaso matasan coci, samarin ƙauye suka haɗu da su, aka yi aikin gayya. Malam Zulkifli, da hannunsa bai gama warkewa ba, ya zauna a inuwa yana ba da umarni, Baba Dogara na musa masa a kan komai.

Ranar da aka buɗe cocin, mutane sun cika shi har waje. Maƙwabta Musulmi suka zo taya murna, aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwa, Inna A'i da matan gari suka dafa abinci tare da matan zumuntar coci. Aka ba Batulu ta ja waƙar godiya. Ta tashi ta fara, masu ganga suka karɓa.

Suna tsakiyar waƙa hadari ya haɗo daga gabas. Iska mai sanyi ta shigo ta tagogi, sai ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka yi ta jawo baƙin da ke waje zuwa baranda ana dariya. Ƙarar ruwan a kan sabon kwano ta danne muryoyi, har Batulu ba ta jin tata. Ta dubi sama, ko ɗigo bai zubo ba. Ta ɗaga hannu ta ƙara murya, ikilisiya duka ta ɗaga tare da ita, Baba Dogara na gaba yana taka rawa da sandarsa.