Wa Zai Kai Qistina Makaranta?

Mijina Juraimi mutum ne mai hankali a kan komai, amma kada ka kuskura ka ambaci firamaren da ya yi. Da ka ambace ta ka taɓo shi. Makarantar tana kan wani tudu can wajen Bukit Timah, mu kuwa muna Bedok, can ɗaya gefen Singapore, amma tun da muka yi aure babu safiyar da bai tsaya gaban madubi yana aski yana rera waƙarta ba. "'Ya'yan tudu, ku ɗaga kai!" Waƙar maci ce, irin wadda yara ke buga ƙafa da ita. Allah ya ba Juraimi kyawun hali da haƙuri, amma bai ba shi murya ba.

Mahaifina, Abah, yana zaune tare da mu, kuma ya tsani waƙar nan. Duk sanda aka fara sai ya ɗaga murya daga ɗakinsa: "Rosnani, wa ke yanka akuya a gidan nan?"

Abah tsohon direban bas ne. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafar hagu da hannun hagu suka daina jin maganarsa. Likita ta ce in ya dage da tafiya kullum ƙafar za ta dawo, in kuma ya zauna, to ya zauna ke nan. Muka sayo masa sanda mai ƙafa huɗu. Ya dube ta ya ce, "In je ina?" Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi masa. Sandar ta zama wurin rataye tawul.

'Yarmu Qistina ce ta tayar da shi, ba tare da ta san ta yi ba. Daga tagar falonmu ana hango wata firamare mai ƙofa rawaya, kusa har muna jin ƙararrawarta. Wata safiya ta hau hannun kujerar kakan nata, wanda take kira Atuk, tana nuna yaran da ke shiga.

"Atuk, in na isa shiga, kai za ka riƙa kai ni?"

"Ni mana. Wa kike so ya kai ki, babanki mai waƙa?"

Washegari ya ce a cire masa tawul daga kan sandar. Da farko iyakarsa bakin lif. Daga baya ya riƙa kaiwa teburan dutsen da ke ƙasan bene, inda tsofaffi ke buga dara. A hankali ya kai bishiyar bakin wurin ajiye motoci. Ranar da ya taɓa ƙofar nan rawaya da hannunsa, ya dawo yana zufa yana masifa wai na cika sukari a shayi, ni kuwa na shige kicin ina share hawaye. Juraimi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin aikinsa a tashar jiragen ruwa da asuba yake fita.

Da watan rajista ya matso, sai rigima ta tashi a kan teburin cin abinci. Juraimi ya ce ai babu abin tattaunawa. 'Ya'yan tsofaffin ɗalibai su ake fara ɗauka, shi kuwa tsohon ɗalibi ne, don haka kujerar Qistina na nan a kan tudu tana jiranta.

Na kira shi yadda matanmu ke kiran miji, na ce, "Abang, yarinya 'yar shekara shida za ta shiga mota tun gari bai waye ba, alhali ga makaranta a ƙarƙashin hancinmu?"

"Ni ma haka na yi, me ya same ni?"

"Me ya same ka? Kai da ke barci a zaune a kowane biki?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in tsaya in yi tunani. Makarantar ƙofa rawaya ita ma tana da nata tsofaffin ɗaliban, su za su fara cika ta. Abin da suka rage shi za a raba wa masu zama cikin kilomita ɗaya, in kuma mun fi kujerun yawa sai ƙuri'a. Wanda ya bar zagayen tsofaffin ɗalibai ya wuce shi, ba a dawo masa da shi. "Ros, kina so in saki abin da ke hannuna in tafi neman sa'a? Makarantar nan jinina ce. A can na zama mutum."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Na buɗe baki zan ce masa ai ba maganar nisa kaɗai ba ce, sai Abah ya ajiye cokalinsa.

"Juraimi, kai ta makarantarku. Karatun yarinya ake magana, ba yawon tsoho ba."

Ya faɗa da fara'a, har ya ƙara shinkafa. Amma da safe bai nemi sanda ba. Washegari ma haka. Ya ce ƙafar ce ta gaji, ni kuwa na san ba ƙafar ba ce. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda yake kafin ya fara tafiya, kuma ba na son in sake ganin wannan mutumin.

Ranar rajistar tsofaffin ɗalibai Juraimi ya ɗauki hutun safe. Ya sa farar riga, ya maƙala bajen makarantarsu a ƙirji, ya ɗauko takardar haihuwar Qistina. Wannan ne karo na farko da ya ga safiyar gidansa a ranar aiki. Abah na zaune bakin taga. Ya sa takalmansa da hularsa kamar yadda ya saba, amma sandar na bayan ƙofa. Qistina na jan hannunsa mai lafiya.

"Atuk, tashi mana! In ba ka koya ba ya za ka kai ni?"

"Gobe, 'yar Atuk."

"Jiya ma gobe ka ce."

Juraimi ya dube ni. Na ce masa, "Har ƙofar makarantar can yake kaiwa. Ya taɓa ta da hannu." Juraimi ya ɗauki takardar. Ya fita.

Na bi shi da ido daga baranda. Maimakon ya nufi tashar jirgin ƙasa, sai na ga ya zauna a teburin dutse. Ya daɗe a nan. Can ya miƙe ya bi hanyar Abah, ta gefen bishiya, har bakin ƙofa rawaya, ya tsaya yana kallonta kamar mai son saye. Da ya dawo, ledar gurasar prata ce a hannunsa da miyar kari.

Na ce, "Har an gama?"

"Ban je ba."

"Jirgin ne ya lalace?"

"Ros, don Allah kawo faranti." Ya cire bajen ya sa a aljihu. "Amma in muka faɗi ƙuri'ar nan, ba na son jin komai daga bakinki."

Abah ya yi ta faɗa, wai an yi wa yarinya asara saboda taurin kai. Yana faɗan yana miƙa hannu bayan ƙofa.

Daga ranar Juraimi ya zama babban abokin gabar tsofaffin ɗalibai a duk faɗin Singapore. Kullum ya dawo aiki sai ya biya ta ƙofa rawaya ya ga kujeru nawa suka rage, ya shigo yana huci. "Mutum yana zaune can Jurong, don kawai ya taɓa goge hanci a makarantar nan, ya zo ya ɗauke kujerar yarinyar da ke jin ƙararrawa daga gadonta! Wannan wane irin adalci ne?"

Abah ya ce, "Ka yi musu uzuri. Wataƙila jininsu ce. A can suka zama mutane."

Ƙuri'ar kuwa sai da aka yi ta. A lokacin a zauren makaranta ake yi, a gaban iyaye. Kowane yaro da lambarsa a jikin 'yar ƙwallo, a zuba su cikin keji a juya, a zaro ɗaya-ɗaya. Dukanmu maƙwabta ne, mun san juna a lif da kasuwa, kowa na murmushi yana addu'ar kada ta ɗan'uwansa ta riga tasa. Ana kira, ana tafi, Juraimi na matse mini yatsu. Aka zaro ta ƙarshe, ba tamu ba ce.

Ya zauna bai motsa ba har zauren ya fara watsewa. Tudu ya tafi, ƙofa rawaya ta tafi. Na yi niyyar yin shiru kamar yadda ya nema, amma na kasa. Na ce, "Abang, ni na tura ka." Ya ce, "Ke kin isa ki tura ni? Da ƙafata na je." Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

A zagayen ƙarshe muka samu kujera a wata makaranta da ba wanda ke rububinta. Ba ta da nisa, sai dai tana tsallaken babban titi. Muka zauna gaban Abah kamar yaran da suka fasa kofi, Juraimi ya faɗa masa sunanta.

Direban bas ba a kwatanta masa hanya. Ya ce, "Ta gadar sama ke nan. Wadda ba ta da lif."

Ya dubi ƙafarsa ta hagu, wadda ko dakalin masallaci sai an tallafe shi take hawa. Ya ce ba komai, Rosnani za ta riƙa kai ta. A raina na ce shi ke nan, sanda za ta koma rataye tawul.

Safiyar Asabar Juraimi ya ɗauko sandar ya dasa ta a gaban Abah.

"Abah, tashi. Na bar makarantar da ta fi kowace a ƙasar nan saboda kai, ba za ka zauna mini ba."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Tashi."

"Ka ji mini yaro! Rosnani, kin ji yadda mijinki ke wa tsoho magana?"

Na ce ban ji ba, ina wanke-wanke. Amma na bi su.

A gindin gadar ƙafar ta ƙi. Abah ya riƙe ƙarfen gefe, ya ɗora ta dama, ta hagu ta tsaya a ƙasa kamar ba tasa ba. Matar da ke yi masa gashin ƙafa a asibiti ta taɓa ce mana irin wannan ƙafar tana bin kiɗa, in an samu abin da ke bugawa daidai-daidai. Juraimi ya tuna. Ya gyara murya, a bakin babban titi, mutane na wucewa da kayan cefane.

"'Ya'yan tudu, ku ɗaga kai!"

"La ilaha illallahu! Yi mini shiru, ana kallonmu!"

"Sai ka hau."

Wallahi ƙafar ta ɗaga. Ko kiɗan ne ko kunya, har yau ban sani ba. Abah ya ce gudun waƙar yake yi. Ranar matakala kaɗan suka hau suka sauko. Juraimi ya nemi a mayar da shi aikin yamma, kuma tun daga watan Agusta har ƙarshen shekara, duk safiya suna gadar nan, ɗaya na waƙa ɗaya na zagi, Qistina na gaba tana buga ƙafa. Mai sayar da jarida a gindin gadar har ya fara yi musu amshi.

Ranar farko ta makaranta a watan Janairu muka fito dukanmu. Qistina cikin koren yunifom, jakar ta kusa fin ta girma. A gindin gada Abah ya ɗaga sanda ya tare mu.

"Ku tsaya nan. Ni na ce zan kai ta."

Muka tsaya. Suka fara hawa, hannunsa a ƙarfe, ita tana riƙe da gefen rigarsa. Yara da iyaye na ratsa su ta gefe da sauri. Sun wuce rabi sai ya tsaya cak. Na ga ƙafar hagun tana rawa, ta ƙi tashi. Juraimi ya ja numfashi zai fara, na damƙe masa hannu.

Sai muka ji 'yar siririyar murya daga sama. Qistina ce, cikin rigar wata makaranta, tana rera waƙar tudu tana buga takalmi a matakala. Bayanta wata murya ta shigo, tsohuwa, a shaƙe, wadda ta fi ta Juraimi muni. Abah ne. Ashe duk ya haddace ta. Ƙafar ta ɗaga, ta sake ɗagawa, har muka ga hularsa ta ɓace a saman gada.

Na juya, na tarar Juraimi na kuka sosai, ko ɓoyewa ba ya yi. Na miƙa masa gefen mayafina. Ya share fuska, ya ja hanci, idonsa na kan gadar.

"Sun tsallake baiti na biyu," in ji shi.