Sarƙar Lu'ulu'un Mairama

A gidan biki a Dutsin-Ma Mairama ta hango sarƙarta a wuyan Ma'u, matar wan mijinta. Ana guɗa, wata tana yayyafa wa Ma'u turare har yana gangara kan ƙwayoyin lu'ulu'un. Mairama ta ji kamar a idonta aka zuba.

Mijinta marigayi Manu ne ya kawo mata ita daga Jidda, shekarar da ya bi motar Sudan zuwa hajji. Ya ce masu sayarwa sun gaya masa lu'ulu'u alamar tsarkin zuciya ne da haƙuri, don a cikin duhun teku yake girma a hankali. Ita ce ƙarshen abin da take sawa in ta yi ado, ita ce farkon cirewa. Takan goge gumi da tsumma mai laushi, ta naɗe ta ita kaɗai, nesa da turare da hayaƙin murhu. Burinta ranar auren 'yarsu Kyauta ta rataya mata.

Ana kwana arba'in da rasuwar Manu, wansa Alhaji Ilu ya zo Kurfi ya kora shanun, ya kwashe hatsi, ya haɗa da sarƙar. Ya ce ajiya ce kafin a raba gado. Kyauta tana goye a lokacin. Yanzu ga ta an sa mata rana, da kuɗin dakau uwarta ta raine ta.

* * *

Bayan biki ta sami Alhaji Ilu a zaure, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya Alhaji, ban zo maganar shanu ba. Sarƙar nan dai nake roƙo, saboda yarinya."

"Ke Mairama, sarƙar wuya ce za ta sa ki tsallako zauren maza?"

"A ƙalla a gaya wa Ma'u ta raba ta da turare. Cinye ta yake yi."

Ya ci gaba da jan carbi.

"Tashi ki tafi. In lokaci ya yi za ki ji."

* * *

Saura kwanaki a kai amarya, wani ɗan kasuwa mai suna Garba ya yi sallama, ya miƙo ƙullin tsumma.

"Alhaji ya ce tumunin takabarki ke nan. An gama rabo."

Ta kwance. Zaren ya tsinke, ƙwayoyin sun ragu, sauran sun yi rawaya kamar tsofaffin haƙora. Ta ɗauki ɗaya ta goga a hankali. Fatarta ta saɓule ta bi tsumman.

"Inna, ita ce wadda kike ba ni labari?" in ji Kyauta.

Ƙwayar ta suɓuce daga yatsun Mairama, ta gangara gindin turmi. Kaza ta rugo ta cafe, ta jujjuya ta a baki, ta yar, ta koma tonon ƙasa.