Hannun Tagar Ejvind

"Birthe! Ɓarauniya! Dawo min da hannun tagata!"

Ejvind Krogh ne a samana, yana buga daɓen ɗakinsa da sanda. Na ture kofin shayina na haura, raina a ɓace.

Duk benenmu na garin Esbjerg da ke bakin teku babu wanda ya kai shi daɗewa, babu kuma mai taurin kansa. Da muka amince a lulluɓe ginin da abin riƙe ɗumi, a sa tagogi masu gilashi ninki uku, shi kaɗai ya ce atafau. Ni ce shugabar kwamitin mazauna, don haka ni na sha zagin. Aiki ya yi kyau, sanyi ya daina shigo mana, kowa ya samu injin sabunta iska. Amma Ejvind kullum tagarsa a wangale. Ranar da ma'aikata suka zo gwada ko ginin na yoyon iska, da gangan ya buɗe ta, gwajin ya lalace. Kwamiti ya ce a kwance hannun tagar har a sake gwaji. Da hannuna na kwance shi, ko a jikina.

Na same shi kwance, ciwon huhu ya cinye shi. 'Yarsa Solvej na zaune a gefen gado.

"Kin mayar da ni kifin gwangwani," in ji shi.

"Ga inji can yana kawo maka iska, tatacciya ma."

"Ki kai wa uwarki tatacciyar! Ni iskar teku nake so, mai warin kifi."

"Litinin za a sake gwajin. Ka yi haƙuri kamar kowa."

"Waye ya ce miki ina nan Litinin? In na cika, ta ina zan fita?"

A wurinmu in mutum ya cika, ana buɗe taga don ransa ya samu hanya. Na san da haka sarai. Amma Ejvind ya daɗe yana mana barazana da mutuwarsa a kowane taro, har mun saba.

"Kai da za ka binne mu duka," na ce, na juya.

Solvej ta biyo ni bakin ƙofa. "Birthe, don Allah. Ba ya cin komai fa."

"Gidaje nawa ke jiran gwajin nan? Ba na ubanki kaɗai ba ne ginin."

Asabar da hantsi ina yanka burodi na ji bugu daga sama. Ba irin na sanda ba ne, ya fi shi nauyi. Na ɗauko hannun tagar da sukudireba na haura da gudu.

Ejvind ya riga ya cika, an rufe masa ido. Solvej na tsaye da guduma, tana dukan gilashin tana kuka. Na ciki ya tarwatse, na tsakiya ya tsage, na waje ko gezau. Lallai mun sayi tagogi masu kyau.

"Ga shi na kawo," na ce.

"Yanzu? Fita min daga ɗakin ubana."

Ban fita ba. Na taka fasassun gilasan na ɗaura hannun, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Da na gama sai ta ture ni gefe.

"Kar ki kuskura. Ba ke za ki buɗe masa ba."

Ta murɗa, tagar ta buɗe. Iskar teku ta shigo da yayyafi, ta ɗaga farin gashin goshinsa, ta sake kwantar da shi.