An Sallama

Ni na rubuta jerin, ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekara biyu ke nan da muka gina wa wani asibiti manhaja. A aikinmu kowane irin mutum da ajinsa: ajin majinyaci daban, ajin ma'aikaci daban. Kowane aji kuma yana buƙatar ɗan jerin kalmomi ƙayyadaddu da ke nuna matsayin mutum. Ranar na gaji tilis, ƙeyata sai sara take, na ce me zai sa in rubuta jeri biyu? Na yi guda ɗaya, kowane aji ya ɗiba a ciki: an karɓa, yana nan, an sallama. Ogan kamfaninmu ya leƙo ya ce, "Yawwa, haka nake son aiki."

Yayata nas ce a asibitin, shekararta goma sha ɗaya tana aiki a can. Watan jiya aka kwantar da ita a can aka yi mata tiyata. Da ta samu sauƙi, likita ya danna "an sallama". Ita kuwa manhaja ina ruwanta da wace irin sallama ce? Ta goge sunan Yaya daga jadawalin aiki, ta toshe katinta na ma'aikata, ta sanar da ofishin ma'aikata cewa gurbi ya buɗe. Ranar Juma'a za su cike shi.

Na samu Oga a ofishinsa, na roƙe shi mu gyara jerin. Bai ko ɗago kai ba.

"Yanzu aji goma sha huɗu ne ke jingine da jerin nan," in ji shi. "Gyara sai baɗi. Kuma in asibiti suka ji laifinmu ne, ka tattara kayanka."

Da la'asar Yaya ta zo gidana, tana tafiya a hankali, hannunta dafe da wurin ɗinkin. Ta ajiye takardar korar a kan tebur.

"Sun ce sai na kawo shaidar kuskuren na'ura ne. Auta, kai ka san kwamfuta. Wane sakarai ne ya yi wannan aiki?"

Kunya ta rufe ni. Na jawo takarda na rubuta komai, na sa hannu, na miƙa mata. Ta karanta a tsanake har ta kai kan sunana, ta daɗe tana kallonsa.

"In na kai wannan, kai fa?"

"Ki kai kawai, Yaya."

Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar.

"Zan kai," in ji ta. "Ina da 'ya'ya uku."