Masu Tuge Itatuwa a Jamus

Mainassara manomi ne a wani ƙauye kusa da Korahane, kuma shi ne shugaban komitin da ke tsaron ƙananan itatuwa a gonakin garinsu. Tun yana saurayi yake ganin yadda iska ke binne shuka da rairayi. Shi ya sa da aka zo da maganar sassaben zamani, wato a bar tohon gawo da kalgo da sabara su girma cikin gona maimakon a sare su, ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ya sha rigima da maƙwabta a kan haka, musamman Abarci, mai gonar da ke gabas da tasa, wanda kullum yake cewa itace ba ya tsinana komai sai tara wa hatsi tsuntsaye.

Wata shekara bayan girbi, wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke aiki da su a Dakoro ya zaɓe shi cikin manoman da za a kai Jamus su ga yadda ake kula da daji a can. Ya tafi da zuciya ɗaya, yana ganin zai samo abin da zai rufe bakin Abarci.

Aka sauke su a wani ƙauye na arewacin ƙasar, aka haɗa su da Munira, wata 'yar Maradi da ke aiki a can, don ta yi musu tafinta. Da safe wata farar mata mai kula da dajin ta zo cikin koren kaya ta jagorance su. Wuri na farko da ta kai su wani dutse ne, girmansa kamar rumbu, an sa masa allo a gefe. Mainassara ya cire hula ya tambayi Munira wane babban mutum ne aka binne a nan. Ta ce babu kowa, dutse ne kawai, ƙanƙara ce ta turo shi daga wata ƙasa mai nisa tun kafin a yi mutane a wurin. Ya sa ta maimaita. Ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ake sa wa lemu a tashar Dakoro. Ya ga wasu tsofaffi biyu sun zo a kan kekuna, sun tsaya suna kallon dutsen, sun tafi. Ya mayar da hularsa.

Daga nan suka fita wani fili mai faɗi. Ƙasar farin rairayi ce, an rufe ta da wani gajeren tsiro mai launin ƙasa da bai wuce ƙauri ba, itatuwa jefi-jefi. Ya ji tausayin mutanen. A hanya sun ratsa dazuzzuka masu duhu, ga shi nan kuma wuri ya ƙare kamar fako. Ya ɗauka nan ne ake son farfaɗowa, kuma da ya duba da kyau sai ya ga 'yan itatuwa suna tasowa ko'ina cikin tsiron, wasu har gwiwa. Ransa ya yi daɗi.

Washegari aka mayar da su filin. Mutanen ƙauyen sun fito da yawa, maza da mata, aka rarraba safar hannu da shebur. Munira ta ce yau za su taya aikin gayya, za a cire ƙananan itatuwan nan. Mainassara ya fahimci dashe za a yi. Ya durƙusa ya riƙa haƙa kowanne a hankali, yana fitar da shi da ƙasarsa don kada saiwa ta ji ciwo, yana jera su a inuwa. Ruwan shansa ma ya yayyafa musu. Yana cikin haka wani dattijo ya zo da baro, ya yi masa murmushi, ya kwashe su duka ya je ya watsa a kan wani babban tsibi da ake ta tarawa, saiwoyi a sama.

Mainassara ya miƙe ya nemo Munira, ya ce ta tambayar masa ina za a dasa waɗannan. Mai koren kaya ta ce ba za a dasa su ba, niƙe su za a yi. Idan aka bar su, in ji ta, cikin 'yan shekaru daji zai cinye filin. Ta ƙara da cewa a da can wurin nan daji ne, kakanninsu suka sare shi, tumaki suka yi ta kiwo har ƙasar ta tsiyace, sai wannan gajeren tsiron ya samu wuri, tare da wasu tsuntsaye da ƙwari da ba sa rayuwa sai a irinsa. Shi ne yanzu doka ta kare.

"To ƙasar da ta lalace kuke tsaro ke nan?" in ji Mainassara.

Munira ta fassara. Matar ta yi dariya, ta ce ana iya faɗin haka, amma su a wurinsu kyakkyawa ce. Kafin ya sake magana sai ga garken tumaki masu ƙaho ya shigo da makiyayinsa, suka hau cin tohon da ya rage, kowa yana murna da zuwansu. Ya zauna a bakin hanya da safar hannunsa, yana kallo har aka tashi.

Da suka dawo gida, aka kira taro a ofishin magajin garin Dakoro don waɗanda suka je su ba da labari. Mainassara ya kwana biyu yana tunanin ya tsallake wannan ɓangaren, amma da aka miƙa masa magana sai ya faɗi komai yadda ya gani. Zauren ya kaure da surutu. Wani ya ce ƙila tafintar ce ba ta jin harshen. Wani makiyayi ya ce a sake faɗin wajen tumakin. Ma'aikacin furoje ya tashi yana bayanin cewa can ruwan sama ya yi yawa, nan kuma bai isa ba, amma muryar Abarci ta danne tasa.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Abarci. "Waɗanda suka ce mu bari, su tugewa suke yi."

Taron ya watse ba a tsayar da komai ba.

Da lokacin sharar gona ya zo, Haula, matar Mainassara, ta shaida masa ta hango Abarci ya nufi gona da gatari. Mainassara ya bi shi. Ya tarar ya riga ya sare sabara da yawa, yana tsaye a kan wani ɗan gawo da ya kai ƙugu. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Abarci ya ce shi ba faɗa yake nema ba, amma tunda Mainassara ne ya je ya gani da idonsa, ya gaya masa tsakani da Allah waɗanne ne ke da gaskiya, mutanen can ko na nan.

Mainassara ya buɗe baki zai yi maganar ruwan sama, sai ya ji ba ta gamsar da shi kansa ba. Ya ce bai sani ba. Ya ce ya ga mutanen kirki suna tuge itace da alfahari, kamar yadda shi yake tsaronsa da alfahari, kuma har yanzu abin bai zauna masa a kai ba.

"Amma wannan dai ka bar mini shi, don Allah," ya ce, yana dafa kan ɗan gawon.

Abarci ya dube shi, ya dubi itacen. Ya ce ya bari bana, baɗi sai a sake magana. Ya matsa gaba ya ci gaba da saran sabara, Mainassara kuma ya tsaya a gefe, bai hana shi ba.